Ƙannena ɗaliban aikin otal, ba satifiket ne ya kai ku taro ba

Assalamu alaikum. Akwai abin da nake yawan gani a wurin ɗalibanmu masu karanta aikin otal da karɓar baƙi, kuma yana damuna ƙwarai. Za a kwaso ku a mota daga Kaduna Polytechnic ko daga reshen NIHOTOUR, wato cibiyar koyar da aikin otal da yawon buɗe ido ta ƙasa, da ke Bagauda, a kai ku taron masu sana'a a Abuja, wani ma ya yi sa'a ya je Akwaaba a Legas, inda masu otal da kamfanonin jiragen sama da na yawon buɗe ido daga ƙasashen Afirka ke haɗuwa. Da kun shiga sai ku nemi kujerun baya ku cure wuri guda, ɗan ajinku a dama, 'yar ajinku a hagu. A yi hoto, a ci abinci, a karɓi satifiket, a hau mota. Mutumin da zai iya ɗaukar ka aiki ya wuce ta gabanka sau uku, ko sallama ba ta haɗa ku ba.

Na san kunya ce, kuma kunya ado ce a wurinmu. Amma ku tuna sana'ar da kuka zaɓa. Aikinku shi ne tarar wanda ba ku taɓa gani ba, ku sa ya ji kamar a gidansu yake. Manajan da ke tsaye wurin shan shayi, ko bai faɗa ba, abin da yake dubawa ke nan: yadda ka gaishe shi, tsabtar rigarka da farcenka, ko ka bari ya gama magana kafin ka sa baki. Hausawa suka ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. A wannan sana'a ita ce jarrabawar farko, kuma a tsaye ake yin ta.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro, in sun isa garin Salaga, a ƙasar Ghana ta yau, a gidan fatoma suke sauka. Shi ne mai ba su masauki, ya adana musu kaya, ya haɗa su da masu saye da sayarwa, ya tsaya musu in za a ba da bashi. Ba shi da allon talla a ƙofar gida. Wani falke ne zai ce wa wani, "In ka je ka sauka wurin wane, mai amana ne." Har yau haka aikin otal ke tafiya. Kafin a manna sanarwar gurbi a kicin, sau da yawa shugaban masu girki ya riga ya tambayi abokin aikinsa ko ya san wani yaro mai hankali.

Saboda haka ku daina rububin babban baƙo. Minista ko mai kamfani zai yi jawabi ya fita da 'yan rakiyarsa, gobe ba zai tuna fuskarka ba. Nemi matar da ke shugabantar masu gyaran ɗakuna, ko mai kula da abinci da abin sha, ko jami'in ɗaukar ma'aikata. Otal irin Transcorp Hilton na Abuja, wanda aka buɗe a 1987, yana da ɗakuna sama da 600, kuma irin waɗannan mutane ne suka san sashen da ke neman hannu da lokacin da ake karɓar ɗaliban SIWES, wato shirin tura ɗalibai koyon aiki a ma'aikatu. Wurin shan shayi da layin abinci da bakin masallaci bayan azahar sun fi cikin zaure sauƙin magana.

Kuma don Allah kada kalmarka ta farko ta zama "a taimaka min da aiki." Faɗi sunanka da makarantarka, ka kawo tambaya a kan abin da ya faɗa: "Ranka ya daɗe, ka yi maganar tsadar man janareta, yaya kuke yi da ɗakin sanyi in wuta ta ɗauke?" Mai sana'a yana son wanda ya saurare shi.

Ƙannena mata, ku yi maganarku a fili cikin jama'a, ku karɓi kati ko adireshin imel na ofis. Duk wanda ya ce a ƙarasa zancen a ɗakinsa, ba zancen aiki yake ba.

Inda aka fi yin asara shi ne bayan an dawo gida. Kati ya kwana a aljihu har a wanke shi da riga. Tun a mota rubuta a bayansa abin da kuka tattauna. Cikin kwana biyu ko uku aika saƙo gajere, da rana, ba da tsakar dare ba: ni ne wane, ɗalibin da ya yi tambaya kan ɗakin sanyi, na gode da bayanin da ka yi min. In bai amsa ba kada ka dame shi da kira. Ka gaishe shi da salla, in ka gama SIWES ka sanar da shi sashen da ka yi aiki da abin da ka koya a can.