Cinyar Kaza da Tabaran Hajiya

Tunda an riga an yaɗa labarin kuma an zuba masa gishiri, gara ku ji shi daga bakina. Na farko dai, ba kaza guda ba ce, cinya ce. Na biyu, surukata Hajiya ba ta faɗo daga kujera ba. Duk wanda ya ce muku ta faɗo, ku tambaye shi a ina yake zaune a daren.

Mafarin abin ba shi da tsawo. Mutumin nan, mijin ƙanwar uwargida, kun san shi ba sai na kama suna ba, shi ne ya ce wai 'yarsa tun tana shekara 3 take yanka abincinta da wuƙa da cokali mai yatsu, ba mai taimaka mata. Yana faɗa yana kallon gogan nawa, wanda a lokacin shekararsa 4 da wata 5, ya dunƙule cokali kamar mai haƙa rami. Ya ƙara da cewa ai tsarin koyar da yara na Montessori ne, tun 1907 da matar, Maria Montessori, ta buɗe makarantarta ta farko a birnin Rum ake barin yara suna yi wa kansu irin waɗannan abubuwa. Na ce ma sha Allah. Na haɗiye, amma abin bai wuce maƙogwaro ba.

Daren nan sai wajen ƙarfe 2 na kwanta, ina ta bin bayanan masana girman yara a waya. Da ni mai jin magana ne, da abin da na tarar ya kwantar min da hankali. Cokali yaro yake fara kamawa, wajen shekara 1 da rabi zuwa 2 yana kai shi baki, rabi a ciki rabi a riga. Cokali mai yatsu ya biyo baya wajen shekara 3. Wuƙa kuwa da shafe-shafe ake farawa, irin shafa bota a burodi, wajen shekara 4 zuwa 5, daga nan a koma yanka abu mai taushi. Amma haɗa su biyun, hannu ɗaya ya tokare abinci ɗayan yana yanka, yawancin yara sai sun doshi shekara 7 suke ƙwarewa, saboda kowane hannu aikinsa daban kuma a lokaci guda ake so su yi. Da safe na karanta wa uwargida. Ta ce, "To ka ji da kunnenka. Saura shekara 2 da rabi, ka ƙyale yaro ya ci abincinsa." Na ce wannan lissafin 'ya'yan mutane ne.

Sati 3 muka yi muna atisaye. Na samo masa wuƙar yara mai kauri a mariƙi, bakinta a dakushe. Na sa masa akwati a ƙarƙashin tebur don ƙafarsa ta sami wurin takawa, domin an ce yaron da ƙafarsa ke lilo a iska ba ya iya sarrafa hannunsa. Na shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a ƙarƙashin faranti don kada ya zame. Na liƙa 'yar takarda ja a bayan wuƙar, daidai inda yatsa manuni zai zauna. Muka fara da yumɓun wasan yara, muka koma ayaba, sannan dafaffen ƙwai. Har waƙa na haɗa masa: cokali ya riƙe, wuƙa ta yi zarto, a ja a tura, ba a dannawa. Ayabar da aka yanka a gidan nan cikin sati 3 kuwa, ni na cinye ta duka, saboda shi yankawa kawai yake so, kuma uwargida ta ce wanda ya ɗebo da zafi bakinsa.

Sai ga ranar ta zo. Hajiya ta zo, ƙanwar uwargida ta zo da mijinta da 'yar tasu mai tarihi. Ni na dage a zauna a tebur gaba ɗaya, ni na jera wuƙaƙe da hannuna, bakin kowace yana kallon faranti kamar yadda na karanta.

Kuskurena na farko shi ne na buɗe baki. Ba wanda ya tambaye ni, amma na ɗaga wuƙa na ce ko kun san dalilin da ya sa kan wuƙar tebur yake a zagaye? Na kawo musu labarin da ake bayarwa na Kadinal Richelieu na Faransa, wanda aka ce haushin baƙinsa masu sakace da tsinin wuƙa ne ya sa ya ba da umarni a dakushe kawunan wuƙaƙen gidansa. Na ce a 1669 Sarki Louis na 14 ya hana wuƙa mai tsini a kan tebur. Na ce wannan ƙarfen da ba ya tsatsa kuma a 1913 Harry Brearley ya samar da shi a Sheffield ta Ingila. Har bambancin mutanen Turai da na Amurka sai da na zayyana, cewa na Turai ba sa ajiye wuƙa har su gama, na Amurka kuwa su yanka, su ajiye ta, su mayar da cokali mai yatsu ɗaya hannun. Hajiya tana cewa "ikon Allah" a duk inda na tsaya shan numfashi. Yanzu da nake tunawa, irin "ikon Allah" ɗin da ake yi wa mai zazzaɓi ne idan ya fara sambatu.

Kuma fa yaro bai ba ni kunya ba, wannan ina so a rubuta. An sa masa dafaffen dankali, ya ɗora yatsa a kan jar takarda, ya fito da harshe gefe, ya ja ya tura, dankali ya rabu biyu. Hajiya ta ce, "Kai, maigidana ya girma!" Na saci kallon mutumin nan. Da a nan aka tashi, da yau wani labarin kuke karantawa.

Sai Hajiya, cikin jin daɗi, ta ɗauko cinyar kaza ta sa masa a faranti. Yaro ya gwada, abu ya ƙi. Ya sake, ya ƙi. Ya ɗago ya dube ni. Uwargida ta miƙo hannu za ta yayyaga masa, na ce a'a, a bar shi ya ga yadda ake yi. Na jawo farantin gabana.

Ku lura da wannan wurin, domin na maimaita shi a kaina ya fi sau ɗari. Da na jawo farantin, na raba shi da jiƙaƙƙen tsumman, ya dawo kan tebur mai santsi. Maimakon in ɗauki tawa wuƙar, sai na karɓi tasa, wuƙar da ayaba ma sai an lallaɓa take shiga, wai don ya ga cewa ba a wuƙa abin yake ba, a hannu yake. Haka na faɗa da bakina, kowa ya ji. Na sa cokali mai yatsu, bai shiga tsoka ba, a kan fata ya tsaya, fata kuma duk maiƙo. Na fara zarto a daidai kan ƙashi. Ba abin da ya motsa. Na ƙara. Shiru. Na ji idanu sun taru a hannuna, gumi ya fara tsattsafo min a goshi. A nan ne shaiɗan ya raɗa min cewa ɗan ƙarfi kaɗan ya rage. Na sauke yatsa daga kan jar takardar, na dunƙule wuƙar, na ɗan ɗaga daga kujera, na danna.

Ƙarar ce ta fara zuwa, wani ƙiii na ƙarfe a kan tangaran da ya sa haƙoran kowa suka mutu. Faranti ya yi hagu. Cinya ta yi gaba.

Wallahi na ga tafiyarta tun daga tashi har sauka. Ta wuce ta saman jug ɗin ruwa. Ta juya sau ɗaya a iska, ƙashi a gaba, ta sake juyawa, tsoka a gaba. Na sami lokacin yin addu'a ta faɗa kan mutumin nan, domin yana gefen dama kaɗan, da ta karkata da taki ɗaya da an yi adalci a duniya. Ba ta karkata ba. Ta tafi kai tsaye kamar an aike ta da saƙo, ta sauka ɗas a kan gilashin hagu na tabaran Hajiya. Ta ɗan tsaya a wurin, na rantse ta tsaya, kamar tana gaishe ta. Sannan ta sulalo a hankali, ta bi gefen hanci, ta taɓa bakin mayafi, ta faɗa tsulum cikin kofin ruwan da ke gabanta. Ruwa ya fallatso. Maiƙo ya taso sama yana zagayawa.

Tsit. Ko cokali ba ka ji. Ni kuma ina nan rabi a tsaye rabi a zaune, da wuƙar yara mai mariƙi shuɗi a dunƙule a hannuna, kamar wanda aka kama yana shirin kashe ƙadangare. Hajiya ba ta motsa ba. Ido ɗaya yana kallona ta gilashi mai kyau, ɗayan yana bayan hazo. Na buɗe baki in ce a gafarce ni, abin da ya fito wai "Hajiya, sannu da zuwa." Awa 2 da zuwanta.

Sai gogan nawa ya ja hannun rigata, da muryar nan tasa da ake ji har waje, ya ce, "Abba, ba ka sa yatsa ba. A ja a tura. Ba a dannawa."

Hajiya ta cire tabarau a nutse, ta karɓi tsumma daga hannun 'yarta, tana gogewa. Ba ta dube ni ba ko sau ɗaya. Jikan ta duba ta ce, "Maigida, a shekara nawa aka ce ana iyawa?" Ya ce, "Bakwai." Ta ce, "To. Allah ya kai Abbanka."

A nan uwargida ta tashi wai za ta duba wani abu a kicin, ƙanwarta ta bi ta, kuma ba wanda ya gaya musu cewa ƙofar kicin ɗin ba ta tare sauti. Wata a cikinsu har tari ya sarƙe ta.

Amma duk wannan ba shi ne ya fi ci min rai ba. Mutumin nan ne. Da ya yi dariya da mun rabu lafiya, dariya ai haƙƙinsa ce, ko ni ne sai na yi. Bai yi ba. Ya gyara fuska irin ta masu zuwa gaisuwar mara lafiya, ya dafa kafaɗata, ya ce, "Yaya, ba komai, kowa da ranarsa. Ai gaɓa ake nema, ba ƙashi ba." Sannan ya tsamo cinyar daga kofin Hajiya, cinyar da ta yi wanka, ya sa a farantinsa, ya lalubi gaɓar da kan wuƙa, ya raba ta biyu a hankali yana min bayani, yana ce min "ka gani?" har sau 3. Kuma gaskiya ya faɗa, abin haushin ke nan, gaɓa ake nema. Mutumin da tsanina yake gidansa shekara 2 ke nan. Ya ara wai kwana 2 zai gyara ƙwan fitila. Duk lokacin da na yi maganar sai ya ce, "Af, Yaya, yana nan lafiya ƙalau," kamar na tambaye shi lafiyar wani ɗan uwa da ke karatu a wani gari. Ranar da na je gidan na gan shi a jingine an shanya masa tawul.

Ita kuma 'yar tasa mai shekara 3 da wuƙa, ina so ku sani na sa mata ido tun daga farkon cin abincin har ƙarshe. Wuƙar tana gefen farantinta tana ƙyalli, ko taɓa ta ba ta yi ba. Namanta a yayyanke ya fito daga kicin, ƙanana ƙanana kamar na kyanwa, uwarta ce ta yi, na gani da idona lokacin da na shiga ɗauko jug. Yanzu shekararta 5. Na so in ɗago maganar a take, amma mutumin da ya jefi surukarsa da kaza ba ya cikin waɗanda ake karɓar shaidarsu a wannan daren. Da na gaya wa uwargida bayan sun tafi, cewa ta yi, "Abbansu, don Allah ka kwanta."

Gogan nawa dai yanzu ba abin da ya bari. Ya yanka sabulu, ya yanka kyandir, jiya na tarar da shi yana yi wa silifas ɗina zarto yana rera waƙar. Wuƙar an ɓoye ta a saman firji, ya gano wurin. Hajiya ta aiko cewa za ta zo ƙarshen wata, wai a dafa mata abin da ba ya tashi sama. Na ce a gaya mata to. Ina tunanin in aika yaro ya karɓo tsanin kafin lokacin, amma uwargida ta ce in bari tukuna a ɗan manta.