Ni da Man Gyaɗa a Guangzhou

Saura kwana biyu in tashi zuwa Chaina sarin kaya, Hajiya ta ga wani bidiyo a WhatsApp. Wani Bature ne da farar riga yana ta kumfar baki, wai man da ake tatsa daga iri, su man waken suya da na masara har da man gyaɗa, su ne ke cinye mutane a tsaye. Ni da kakana ya yi dakon buhuna a dalar gyaɗar Kano, aka tsare ni a falo sai na yi alkawari.

"Alhaji, har ka dawo, ko ɗigo."

Na ce in Allah Ya yarda.

A Xiaobei nake sauka, unguwar da za ka ji Hausa da Ibo da Larabci a kan titi ɗaya. Abincin halal ba ya wuya, ka nemi koren allo kawai. Abincin da babu mai kuwa, wannan sai wanda ya gani.

Ranar farko na shiga shagon taliyar Lanzhou, inda yaro mai farar hula ke ja da ninke kwaɓin fulawa har ya koma zare. Na haddace "meiyou", wato babu. Abin da ban lura ba shi ne, yarensu kamar namu ne, murya ke sauya ma'ana: ka ɗaga ƙarshen kalmar, ta zama kananzir. Na dage ina nuna kwano ina cewa kananzir. Yaron ya kalle ni, ya kalli maigidansa, maigidan ya kalli murhun gas. Daga ƙarshe taliya ta iso, jan mai na yawo a kan romo kamar manja. Na nuna masa. Ya rubuta a waya, ta fassara: "Wannan ba mai ba ne, barkono ne." To barkonon da me aka soya shi, da ruwan zamzam?

Washegari na yi dabara. Mutanen Guangdong, lardin da birnin Guangzhou yake, sun iya dafa kifi da tururi, ba suya ba komai. Aka kawo shi fari fes, da citta da ganyen albasa a kai. Har na ɗauki waya zan tura wa Hajiya hoto, sai ga mai girki ya fito da ludayi yana hayaƙi. Kafin in ce "tsaya", ya sheƙa masa: caaa! Ƙamshin da ya tashi ko a mafarki na san shi. Man gyaɗa ne, irin wanda ke tsayar da mutum a gaban mai ƙosai. Mutumin ya tsaya yana murmushi, yana jiran yabo. Na ci, ba zan ɓoye ba, har kan kifin na tsotse.

Rana ta uku zuciya ta ɗebe ni na bar unguwa, na shiga wani lungu, ban ma duba launin allo ba. Na sa waya ta tambayi wata tsohuwa ko tana girki ba da man iri ba. Baiwar Allah ta yi murna kamar ta ga ɗanta, ta ɗaga mini babban yatsa, ta ɗauko wata kwalba cike da abu fari a daskare. Na ce alhamdu lillahi, man shanu! Har na sunkuya zan shinshina, sai na haska rubutun jikin kwalbar da waya.

Kitsen alade.

Ban san lokacin da na kai bakin titi ba. Sai a tashar jirgin ƙasa na tuna lemata tana kan teburinta, kuma har yau tana can.

Da daddare a otal, yunwa kamar ta kashe ni, na zazzage jaka ko zan samu dabino. Sai ga wata leda ɗaure da kyau, ɗaurin hannun Hajiya. Ƙuli-ƙuli ne, kusan rabin kwano, man har ya jiƙe takardar da aka naɗe shi. Ina cikin gurgura ta kira ta bidiyo.

"Alhaji, kana dai kiyayewa ko?"

Na ɗaga mata ledar. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ai wannan na gida ne."