Ba ƙyallin kofi ke kai ni gidan tarihin ƙwallo ba

Jiya da daddare a majalisarmu ƙanen wani abokina ya ce Allah ya nufa zai tafi Ingila karatu, kuma hutun farko da ya samu Madrid zai nufa, ya ɗauki hoto a gaban kofunan Zakarun Turai 15 da ke jere a Bernabeu, filin ƙungiyar Real Madrid. 'Yan Barca suka yi masa ca, suka ce ai gidan tarihinsu ya fi. Aka yi ta musu har mai shayi ya fara haɗa kayansa. Ban ce uffan ba a wurin, amma maganar ta kwana a raina.

Ban hana kowa zuwa Madrid ba. Wanda ya shekara ashirin yana biyan kuɗin gidan kallo saboda ƙungiya ɗaya, haƙƙinsa ne ya ga kofunanta da idonsa. Sai dai gidan tarihin kulob kamar ɗakin amarya yake, an yi jere ne don a burge mai shigowa. Komai a goge, komai na walƙiya, ranar da aka sha kashi kuwa an tura ta ƙarƙashin gado. Ni abin da ke tsayar da ni shi ne kayan da suka sha gumi da ƙasa, waɗanda kowannensu yake ɗauke da labari.

A 2018 na shiga gidan tarihin ƙwallon ƙafa na ƙasar Ingila da ke Manchester, wanda aka dawo da shi daga Preston a 2012. Na fi minti ashirin a tsaye gaban riga ɗaya, shuɗiya, mai lamba 10 a baya. Rigar da Maradona ya sa ce ranar 22 ga Yunin 1986 a Meziko, ranar da ya ci Ingila da hannu, bayan minti huɗu kuma ya yanke kusan rabin 'yan wasansu ya ci ta biyu. Da ka matsa kusa za ka ga ba wata riga ce mai tsada ba. Ana gab da wasan aka je kanti a birnin Meziko aka sayo su, saboda shuɗayen rigunan da suka zo da su sun yi nauyi a wannan zafi. Da hannu aka ɗinka tambarin Ajantina, lambar kuma mai ruwan azurfa ce, irin ta 'yan ƙwallon Amurka, aka manna ta da dutsen guga. Wanda ya yi musayar riga da shi bayan an tashi, ɗan wasan Ingila Steve Hodge, shi ne kuma mutumin da ƙwallon ta tashi sama daga ƙafarsa Maradona ya sa mata hannu. Ku duba fa, Ingila ce ta ajiye rigar mutumin da ya fitar da ita, a tsakiyar gidan tarihinta, shekara da shekaru. Wannan ya burge ni fiye da kowane kofi.

Rigar ba ta nan yanzu. A 2022 Hodge ya kai ta gwanjo, aka saye ta a kan fam miliyan 7 da ɗoriya. Ba na ganin laifinsa, kayansa ne, amma na ji zafin abin, domin abin da kowa ke iya tsayawa ya kalla ya bar wurin. Ƙwallon wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 1966 dai tana cikin kayan gidan, ta fata, mai ruwan lemo. Ita ma da labarinta: ɗan wasan Jamus ta Yamma Helmut Haller ya tafi da ita gida bayan an ci su 4-2, sai bayan shekara 30, a 1996, ta dawo Ingila.

Wanda yake kan gaba a burina shi ne na Sao Paulo a Birazil, wanda aka buɗe a 2008 a ƙarƙashin kujerun filin Pacaembu. Ƙasar da ta ci Kofin Duniya sau biyar, ta haifi Pele da Garrincha, amma ta ware wuri guda a gidan tarihinta domin ranar da ta fi kowace baƙanta mata rai. Ranar 16 ga Yulin 1950 ce, a filin Maracana, gaban mutum kusan dubu 200. Canjaras kawai Birazil ke nema ta ɗau kofi, kuma ita ta fara ci. Sai Yurugwai ta farke ta hannun Schiaffino, saura minti 11 a tashi Ghiggia ya ƙara. Filin ya yi tsit kamar gidan makoki. Golansu Barbosa, baƙar fata, shi aka ɗora wa laifin, kuma da wannan tabon ya rayu har ya rasu a 2000. Ko rigar ɗorawa da muka san Birazil da ita, bayan wannan rana aka ƙirƙiro ta, a da fara suke sawa. Mutanen da suka yarda su nuna wa jikokinsu wannan ciwo, wallahi sun san darajar tarihi.

Idan mutum ya kai can, to Montevideo ba nisa. Filin Centenario, wanda aka gina domin Kofin Duniya na farko a 1930, yana da gidan tarihi a cikinsa. A nan Yurugwai da Ajantina suka yi gardama kan ƙwallon da za a buga wasan ƙarshe da ita, kowa ya ce sai tasa. Aka raba musu: kafin hutun rabin lokaci da ta Ajantina, tana gaba 2-1, bayan hutu da ta Yurugwai, aka tashi 4-2 kofi ya zauna a gida. Duk wanda ya taɓa buga ƙwallon unguwa ya san wannan rigima ta mai ƙwallo.

Na FIFA da ke Zurich, wanda aka buɗe a 2016, ya fi su tsari da na'urori. Akwai jerin rigunan dukkan ƙasashen da ke cikin hukumar, an shirya su launi-launi kamar bakan gizo, za ka iya neman ta Najeriya ko Nijar ko Kamaru. Abin da zai kai ni can shi ne wani ɗan dutse shuɗi, gindin asali na kofin Jules Rimet, wato tsohon Kofin Duniya. Shi kansa kofin an sace shi a Landan a 1966 wani kare mai suna Pickles ya gano shi, aka bar wa Birazil shi a 1970, aka sake sace shi a Rio a 1983, har yau ba a gan shi ba. Gindin kaɗai ya tsira. Na Jamus a Dortmund da na Sukotlan a filin Hampden su ma sun cancanci a leƙa in hanya ta bi.

Don haka ƙanena, ka je Madrid ɗinka ka yi hoto, Allah ya kai ka lafiya. Amma kafin ka nemi bizar Sifen, daga Landan zuwa Manchester awa biyu ne da 'yan mintuna a jirgin ƙasa, gidan kuma yana dab da tashar Victoria. Ka ba shi yini guda.

Ina kuma da roƙo ga 'yan uwa na nan gida. Mighty Jets ta Jos ce ta ci gasar lig ta farko a Najeriya a 1972, Raccah Rovers ta Kano ta ci a 1978. 'Ya'yan waɗanda suka buga wasannin nan suna cikinmu. Duk wanda yake da tsohuwar riga, ko lambar yabo, ko hoton mahaifinsa a ƙasan akwati, don Allah kada ya bari asu ko damina su cinye. A fito da su a shanya, a ɗauki hotonsu, a rubuta sunan mai su da shekarar a baya.