Shingen ƙarshen dogo da rayuka 51 na tashar Once

Da safiyar Laraba, 22 ga Fabrairun 2012, wajen ƙarfe takwas da rabi, wani jirgin ƙasa mai taragai takwas na layin Sarmiento ya shigo tashar Once da ke tsakiyar Buenos Aires, babban birnin Ajantina, maƙare da ma'aikata masu komawa bakin aiki bayan dogon hutu. Kamar yadda aka saba a wannan layi, fasinjoji da yawa sun cunkushe a taragan gaba, domin su ne suka fi kusa da ƙofar fita kuma kowa yana so ya riga turmutsitsi. Jirgin ya bi dandamali na biyu har ƙarshe bai tsaya ba, ya daki shingen ƙarfen da aka kafa a inda dogo ya ƙare. Gudunsa a lokacin bai wuce kilomita 20 da 'yan kai a sa'a ba, gudun da mai keke ma yake iya yi a kan kwalta. Duk da haka tarago na biyu ya kutsa cikin na farko kusan mita shida, mutum 51 suka rasu, fiye da 700 suka jikkata, kuma sai bayan kwana biyu aka gano gawar wani matashi a wani lungu na jirgin.

Duk lokacin da irin wannan ta faru, wanda ake fara nunawa da yatsa shi ne direba. A Once ma haka aka yi: shi ya ce birki ne ya ƙi kamawa, kotu kuma ta same shi da laifin sakaci. Ban ce direba ba shi da alhaki ba. Abin da nake cewa shi ne, tashar da rayuwar fasinjoji sama da dubu ta rataya ga idon mutum ɗaya da hannunsa a daƙiƙu goma na ƙarshe, tasha ce da aka gina da aibi tun farko, kuma alhakin wannan aibi yana wuyan waɗanda suka tsara ta, da masu kula da ita, da hukumar da ta bari aka ci gaba da zuba mutane a cikinta.

Shari'ar Once ta tabbatar da haka. Taragan jirgin ƙirar Toshiba ne na farkon shekarun 1960, tsatsa ta ci jikinsu har ba su iya jure bugu ba. Shingen dandamalin kuwa an ƙera shi ne ya riƙa lotsawa ciki sannu a hankali idan jirgi ya dake shi, amma na'urar da ke ba shi wannan sassauci ba ta aiki, sai ya zama daidai da bango. A Disambar 2015 kotu ta yanke hukuncin ɗauri ga tsofaffin sakatarorin sufuri biyu, Juan Pablo Schiavi da Ricardo Jaime, tare da shugabannin kamfanin TBA da ke gudanar da layin, wanda tuni aka ƙwace masa kwangila tun 2012. Abin da ya fi ci mini rai a labarin shi ne cewa a Oktoban 2013, shekara biyu ba ta cika ba, wani jirgin ya sake dukan shingen wannan dandamali na biyu, mutane da dama suka ji rauni. Jinin da ya zuba a karon farko bai isa ya sa an kafa abin da zai tsayar da jirgi da kansa ba.

Yana da kyau mai karatu ya san iyakar abin da wannan shinge yake iya yi. Ƙarfin bugun jirgi ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudunsa: idan gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin da dole wani abu ya shanye yakan ninka sau huɗu. Shingen da aka dasa daram a kankare ba ya shanye komai, yana mayar da bugun ne cikin jirgin, sai taragai su hau juna ko ƙafafunsu su goce daga kan dogo. Wanda aka yi da hikima yana da kamu irin na birki da suka damƙi dogon, idan jirgi ya dake shi sai ya riƙa ja da baya yana goga ƙarfe da ƙarfe tsawon wasu mitoci har gudun ya mutu. Wannan yana buƙatar a bar masa fili a bayansa, kuma a nan ne rigima take, domin ƙasa a tsakiyar birni tana da tsada, masu tasha sun fi son su cika wurin da shaguna da hanyar wucewa. Ko mafi kyawun shinge an auna shi ne don jirgin da ya shigo a hankali ya ɗan zarce. Babu ƙarfen da zai tare jirgin da ya shigo a guje ba tare da an yi asarar rai ba.

Saboda haka ainihin kariya tana farawa ne tun kafin jirgi ya iso bakin dandamali. Ingila ta koyi wannan da tsada. A ranar 28 ga Fabrairun 1975 wani jirgin ƙarƙashin ƙasa ya wuce dandamalin tashar Moorgate a Landan ba tare da an ja birki ba, ya kutsa cikin ramin da ba shi da mafita ya daki bango, mutum 43 suka rasu. Direban yana cikin mamatan, bincike kuma bai gano wata matsala a jirgin ba, har yau ba a tabbatar da dalilin da ya hana shi tsayawa ba. Hukumar jiragen Landan ba ta tsaya jiran amsar da ba za ta zo ba. Ta kafa na'urori a gefen dogo da ke auna gudun jirgi yayin da yake tunkarar ƙarshen layi, idan ya wuce ƙima su ja masa birki ko direba ya so ko bai so ba. Wannan shawara ita ce ta dace, domin ta amsa tambayar da ta fi muhimmanci, wato me zai faru ranar da mutum ya gaza.

Mutum kuwa yakan gaza ta hanyoyin da ba a zata ba. A tashar Hoboken ta jihar New Jersey a Amurka, ranar 29 ga Satumban 2016, jirgi ya haura shinge ya faɗa harabar tasha, ya kashe wata mata da ke tsaye a dandamali, ya jikkata fiye da mutum 100. Masu bincike suka gano direban yana fama da cutar sarƙewar numfashi a barci wadda ba a taɓa gano masa ita ba. A tashar Ramsis ta Alƙahira, ranar 27 ga Fabrairun 2019, direba ne ya sauka daga kan jirgi, wato injin da ke jan taragai, yana jayayya da wani abokin aikinsa, kan jirgin ya taho shi kaɗai ya daki shinge, tankin mansa ya kama da wuta, fiye da mutum 20 suka rasu, ministan sufuri Hisham Arafat ya yi murabus a ranar. Horo da gwajin lafiya da ladabtarwa duk suna rage irin wannan, amma ba sa kawar da shi.

Akwai masu cewa irin wannan haɗari ba ya yawan faruwa, kuma kuɗin da za a kashe a kansa zai fi ceton rai idan aka zuba shi a mashigar dogo da titi, inda jirage ke bi ta kan motoci da mutane kusan kullum. Hujjarsu tana da nauyi, kuma ba zan musanta cewa mashigai sun fi cin rai ba. Sai dai tashoshin ƙarshen layi kaɗan ne, an san su ɗaya bayan ɗaya, kuma a nan ne jama'a suka fi taruwa, fasinja ya miƙe tsaye da kayansa a hannu, mai tarya yana jira a bayan shingen. Gyaran wuri kaɗan irin wannan ba ya cikin abin da ke karya kasafin kuɗin hukumar jirgin ƙasa.

Maganar ta shafe mu kai tsaye, tun da Nijeriya ta buɗe layin Abuja zuwa Kaduna a 2016, ta buɗe na Legas zuwa Ibadan a 2021, ana kuma kan shimfiɗa na Kano zuwa Maraɗi. Barin mitoci a bayan shinge abu ne mai sauƙi a kan takardar zane, yana zama mai wuya ne bayan an zuba kankare an raba shaguna. Wata dokar 2022 ta ba NSIB, hukumar binciken haɗurran sufuri ta Nijeriya, ikon binciken haɗurran jiragen ƙasa, kuma ina ganin bai kamata ta jira haɗari ba kafin ta nemi Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya ta bayyana wa jama'a, tasha bayan tasha, irin shingen da ke ƙarshen kowane dogo, gudun da aka auna zai iya shanyewa, ranar da aka duba shi na ƙarshe, da ko akwai na'urar da za ta ja birki idan direba bai ja ba.