Injin suya daga Jamus da mitar gidan Alhaji

Ƙanena da ke Jamus ba ya aiko da kuɗi, kaya yake aikowa. A ganinsa kuɗi cinye su ake yi a manta, kaya kuwa suna nan a ɗaki ana gani ana sa masa albarka. A Hambog yake, garin da 'yan Gana suka yi yawa, kuma duk abin da Bature ya gaji da shi, ƙanena ya tabbata akwai mai bukatarsa a unguwarmu Aboabo, a Kumasi. Mun taɓa samun injin zuƙar ƙura a gidan da daɓen siminti ne ko'ina. Mun samu rigar sanyi mai gashi a wuya, a Kumasi. Bara kuma, dab da azumi, wani kwali ya sauka a tashar jiragen ruwa ta Tema, aka ɗoro shi a mota, ni na biya kuɗin motar, na kuma biya mai pragya, wato babur mai ƙafa uku, ya kawo mini shi ƙofar gida.

Injin suya ne na lantarki. Farin ƙarfe, da murfi mai 'yar tagar gilashi, da kwandon raga mai mariƙi, da abin murɗawa da aka rubuta lambobi daga 150 zuwa 190, da wata 'yar jar fitila. Na kifa shi na duba gindinsa, na ga 230 V, 2,000 W. Hankalina ya kwanta da lambar farko, don na san abin da ya sami maƙwabcinmu da ɗansa ya aiko masa da injin markaɗe daga Amurka. Wutar can 120 ce, tamu 230, yana jonawa ya ji "tas", hayaƙi ya tashi, shi ke nan. Wutar Jamus da tamu ɗaya ce. Lamba ta biyu kuwa ban tsaya mata ba, domin a lokacin ba ta yi mini magana ba.

Filoginsa ƙafa biyu ne zagayayyu, soket ɗinmu kuma mai ido uku ne irin na Ingila. Na shiga kasuwar Kejetiya na sayo adafta mafi araha. Takardar bayani da Jamusanci take tun daga bango har bango, hotunan ciki kuma duk na dankalin turawa ne. Babu ƙosai ko ɗaya.

A nan ya kamata a san wace ce surukata. Hajiya tana sayar da koko da ƙosai a bakin titi tun zamanin mulkin soja na Acampon, kuma duk azumi, kafin a kira magariba, yarinya za ta shigo mana da kwano a rufe. Ba ta taɓa fashi ba, ba ta taɓa karɓar ko fesuwa ba. To amma namiji da gemunsa, kullum yana buɗa baki da ƙosan surukarsa, akwai ranar da zai so a ce shi ma ya iya wani abu. Na tara iyalina na ce bana za mu ci gashin kanmu.

Uwargida ta leƙa cikin injin ta ce, "Baban yara, mai nawa yake sha?"

Na ce mata Bature ba ya almubazzaranci. A jikin tukunyar daga ciki akwai layi biyu, na ƙasa MIN, na sama MAX, kuma dole man ya wuce na ƙasa, in ba haka ba ƙarfen da ke ɗaukar zafi ya ƙone. Na ɗauko galan ɗin man da ta tanada na soma tsiyayawa. Na tsiyaya, na leƙa. Na ƙara, na leƙa. Sai da na juye sama da lita biyu kafin man ya taɓa layin ƙasa.

Ta ce, "Man wata guda ke nan ka zuba, kuma har yanzu a mafi ƙaranci kake."

Ita ta surfa wake, ta wanke, aka kai markaɗe da albasa da attaruhu da citta, ta buga ƙullu har ya tashi. Daga nan na ce ta koma gefe, aikin ya zama na injiniyoyi. Na murɗa zuwa 180, jar fitila ta kama, muka zauna muna kallonta ni da yara har ta mutu, alamar mai ya yi zafi. Na rataye kwandon a sama yadda hoton ya nuna, na ɗebi ƙullu da ludayi na jera a cikinsa layi-layi, tsaf, na saukar da shi cikin mai, na rufe murfi, na naɗe hannu.

Wanda ya ƙera kwandon nan bai taɓa ganin ƙullu ba. Dankali yana da jiki, yana zama inda aka ajiye shi. Ƙullu kuwa kafin ya kai ga mai ya riga ya zurara ta ramukan raga, rabi a ciki, rabi a waje, zafi ya same shi a haka ya ƙame. Ƙosan Hajiya kai tsaye yake faɗawa cikin mai, nan take bayansa ya soyu, iskar da aka buga masa ta taso da shi sama yana juyi. Nawa ya rungume waya ya ƙi saki. Da na ɗaga mariƙi, ƙosai ɗaya tak na samu, mai siffar kwando, da hannun riƙewa.

Ƙarfe shida da 'yan mintoci ladan ya kira salla. Muka sha ruwa, muka ci dabino, sannan aka riƙa miƙa kwandon hannu zuwa hannu, kowa na ƙwaƙula da cokali. Autana ya ce, "Baba, har da ƙarfen ake ci?" Muna cikin haka yarinyar Hajiya ta yi sallama da kwanonta. Na ce ni na ƙoshi. Sai da aka tafi asham na dawo da wuri na duba ko yara sun rage, don kada a yi ɓarnar abinci a wata mai alfarma.

Na bar ƙosai na koma doya, tunda ita ce 'yar'uwar dankali. Na fere, na yanka dogo-dogo, na tsoma a ruwan gishiri, na kwaso da ruwanta na zuba kwando ya cika fal. Ruwa yana zama tururi a zafi 100, man kuma yana 180, kuma ɗigo ɗaya in ya zama tururi yana neman wurin da ya ninka nasa fiye da sau dubu. Wannan lissafin wani maƙwabcinmu da muke kira Ticha ne ya yi mini shi daga baya. A lokacin dai abin da na gani shi ne kumfa ta taso ta wuce MAX, ta wuce baki, ta sauko tebur, ta bi ledar ɗaki ta nufi tabarmar salla. Na zare filogi na yi tsalle baya. Uwargida ta miƙo mini tsumma da garin omo ba ta ce uffan ba, wanda ya fi zagi ciwo.

Bayan doya na soya kifi, ya yi kyau ƙwarai, ina so a rubuta wannan. Sai dai ba wanda zai zubar da lita biyu na mai saboda kifi huɗu, don haka fankasau na gobe ya fito da ƙarnin kifi, kelewele na jibi, wato soyayyar ayaba, shi ma haka, kuma zaƙin ayabar ya ƙone a gindin tukunya man ya koma baƙi. Adafta ta narke ta manne da soket. Mai gyaran wuta ya yanke filogin Jamus ya sa mai ƙafa uku da fis na amp 13, ya karɓi kuɗin aiki, ya ƙara da nasiha kyauta.

Duk wannan cikin ɗakina ne, sirrina ne. Mita ce ta fitar da ni tsakar gida.

Gidanmu gidan haya ne, ɗakuna a zagaye, mita ɗaya ta kati. Ana raba kuɗin wuta ne da foyin, wato makin da ake ba kowane kayan wuta: a gidanmu ƙwan fitila ɗaya, fanka ɗaya, talabijin biyu, dutsen guga uku, firij huɗu. Ticha, wani Ba'asante malamin lissafi da ya daɗe a cikinmu har Hausa ta zauna a bakinsa, shi ke riƙe da littafi. Kowa ya san abin da ke ɗakin kowa, ko kuma haka ake zato.

Wata yamma, ana saura minti kaɗan a sha ruwa, mitar ta yi 'yar ƙararta, gida ya yi ɗif. Nan da nan aka ce dumso, wato yawan ɗauke wuta, ya dawo. Alhaji mai gida ya soma ba da tarihin 2015, lokacin da ruwan madatsar Akosombo ya ja baya ana kwana ana wuni ba wuta, ya ce shi tun da Nkuruma ya buɗe madatsar a 1966 bai ga shekara irin wannan ba. Yana cikin bayani wani yaro ya leƙa waje ya ce gidan da ke kallonmu da wuta, har ana kallon tafsiri. Ticha ya haska mita da waya. Sifili.

Alhaji ya ce, "Miliyan biyu fa muka saka ranar Juma'a!" Sidi 200 yake nufi. Tun 2007 aka yanke sifili huɗu daga kuɗin ƙasar nan, amma Alhaji bai karɓi wannan hukunci ba, musamman in yana cikin fushi.

Matar da ke sayar da ƙanƙara da kayan sha irin su lamurji da burkina ta ɗora hannu a ka, firizarta cike da kayan buɗa-baki. Aka fara neman ɓarawon wuta. Zargi ya faɗa kan wani ɗalibi da ke ɗakin ƙarshe, aka ce yana da hita a ɓoye. Ni ma na ce gaskiya yaran yanzu sai addu'a. Ina rufe baki autana ya ja rigar Ticha ya ce, "Babana yana da tukunya mai jar fitila, ita ba ta son gawayi."

Bayan asham aka yi zama. Aka ce in fito da injin, na fito da shi, aka ajiye shi a kan benci a tsakiya kamar wanda ake tuhuma a gaban alƙali. Ticha ya kifa shi, ya karanta lambar nan ta biyu da ƙarfi, ya ciro biro. Ya ce ƙwan fitilar zamani wat 10 ne, foyin ɗaya. Wannan wat 2,000 ne. Saboda haka foyin 200.

Gidan gaba ɗaya bai kai foyin 200 ba.

Na miƙe na ce a yi adalci. Ƙwan fitila yana kwana a kunne, awa goma sha biyu. Injina rabin awa yake yi, yunit ɗaya ke nan, kuma ko a cikin rabin awar yana kashe kansa in mai ya yi zafi, wanda ba ɗan hayar da ke cikin gidan nan da ke da wannan tarbiyyar. Na ce watan Maris muke, zafi ya sa kowace fanka ba ta hutawa, ga firiza tana gurnani dare da rana a kan foyin huɗu. Mai lamurji ta ce kada in kuskura in sa firizarta a bakina. Ticha ya sake lissafi, ya yarda da maganar awa, sannan ya tambayi uwargida ko rabin awa ne da gaske. Ta dube ni, ta dubi ƙasa, ta ce, "Da na sahur ko ban da na sahur?"

Aka tsaya a foyin goma. Ɗalibin ya nemi a ba shi haƙuri a bainar jama'a, Alhaji ya ce ni zan fara.

Labari ya kai kunnen Hajiya, kashegari sai ga ta da kanta da ƙwaryar ƙullu. Na durƙusa na gaishe ta, na rasa inda zan sa idona. Ta shinshina man ta ce, "Wannan ya mutu, a yi masa sutura." Aka sayo sabo, da kuɗina. Ta ce a saukar da kwandon cikin mai tun kafin a zuba komai. Na ce, "Hajiya, sai jar fitilar ta mutu tukuna." Ba ta ko dubi fitilar ba. Ta ɗiga ƙullu kaɗan, ta ga ya taso, ta soma sakin ƙosai da yatsunta, ƙanana, guda biyar kawai, ta ce in aka cika masa kaya man zai huce ƙosai ya sha mai. Suka taso jajaye suna juyi, ba wanda ya taɓa raga.

Ta ce, "Malam, kaskon ba laifi. Sai dai ƙarami ne, layina na safe zai kai unguwar Asawase kafin in sallami mutum goma. Kuma in ina son ƙarin wuta, ta ina ake tura icen?"

Na nuna mata abin murɗawa. Ta ce Allah ya kyauta, ta ce yarinya za ta ci gaba da kawo kwano.

Na wanke injin na mayar da shi kwali, amma foyin goma suka zauna a littafi, don Ticha ya ce ba a goge abin da ke cikin ɗaki. Haka na riƙa biya har babbar salla. Ranar layya uwargida ta tafasa naman rago, ta tsane shi sarai a kwando, ta ce in fito da kayan Jamus. Abin da aka yi shi dominsa ke nan ashe: nama ya soyu ja-wur, ba hayaƙi, ba fifita kurfoti, ba fallatsin mai. Ƙamshi ya zaga gida. Mai lamurji ce ta fara zuwa da robarta, ta ce tunda man ya riga ya yi zafi. Sai matar ɗakin kusa. Sai ɗalibin, da cinyar da aka ba shi sadaka. Ticha, wanda ba ya layya, ya zo da rabon da gidaje uku suka ba shi. Kafin la'asar ta washegari an yi layi a ƙofar ɗakina, har da tukunyar gidan Alhaji.

Da mita ta yi ƙara da daddare, na je wurin Ticha na ce tunda kowa ya soya, sai a raba foyin goman nan. Ya buɗe littafi ya bi layi da yatsa, ya ce shi a nan sunan mutum ɗaya ya gani a gaban injin. Na juya ga Alhaji. Yana sakace haƙori ya ce, "Ka gaishe da ƙanenka. Ka ce masa in akwai babba, gidan yana buƙata."