Ba wuƙar likita ce ta kashe ta ba

Tun jiya nake ganin maganar wata baiwar Allah mai ciwon kumburin hanji da ta rasu bayan tiyata, Allah ya jiƙanta da rahama. Kowa ya zo sai ya rubuta "ai da ba a yanka ta ba da tana nan." Haba jama'a! Ku da idonku kun karanta abin da ƙanwarta ta rubuta. Wata da watanni likitoci suna cewa a cire ɓangaren hanjin da ya lalace, dangi suna cewa a ƙara haƙuri, ana ta ba ta maganin rage kumburi mai suna prednisolone, har hanjin ya huje cikin dare. Sannan a ɗora wa wuƙa laifi?

Jinkiri ne ya cuce ta. Duk likitan da ke aikin hanji ya san abubuwan da ke ɓata tiyata a cutar Crohn da gyambon babban hanji, wato manyan nau'o'i biyu na ciwon kumburin hanji, kuma yawancinsu jira ne ke haifar da su. Wanda ya sha prednisolone miligiram 20 ko fiye a kullum har sama da mako 6, namansa ba ya saurin haɗewa, ƙwayoyin cuta kuma sun samu ƙofa. Ga rama, ga ƙarancin jini, ga albumin, wato sinadarin gina jiki da ke cikin jini, ya yi ƙasa, ga mugunya ta taru a cikin ciki. Ɗinki a ruɓaɓɓen yadi ba ya riƙewa. In mahaɗar hanji ta ɓalle, bahaya ya tsiyaya cikin ciki, nan ne ake rasa mutane. Wanda aka shirya wa tiyata, aka rage masa maganin a hankali, aka ciyar da shi ya ɗan murmure, aka zuƙe mugunyar tukuna, ba ɗaya yake da wanda aka turo da gudu ciki a kumbure, zazzaɓi na kaɗa shi ba.

Wani ya ce min ai ko an yanke, Crohn tana dawowa. Eh tana dawowa, galibi ma daidai wurin ɗinkin, shi ya sa ake leƙa hanjin da na'ura wata 6 zuwa 12 bayan aiki, shi ya sa kuma ake roƙon mai shan taba ya daina, don haɗarin dawowarta a wurinsa ya kai ninki biyu. To sai me? A bar hanji ya fashe don tsoron gobe? A 2017 an wallafa binciken da likitocin Holan suka jagoranta, inda suka kwatanta cire ƙarshen ƙaramin hanji da yin allurar infliximab mai rage kumburi ga masu Crohn, kuma waɗanda aka yi wa tiyata ba su gaza masu allura samun sauƙin rayuwa ba.

Masu cewa "jakar bahaya a ciki, gara mutuwa" su ne suka fi ƙona min rai, wato jakar da ake manna wa mutum a fatar ciki bayan tiyata don tara bahaya. Ku ji tsoron Allah. Ba ku ne kuke zaga banɗaki sau goma sha a rana kuna zubar da jini ba. Sau da yawa jakar ta wucin gadi ce, kuma tun 1978 likitocin asibitin St Mark's na Landan suka fito da hanyar yin ma'ajiya da ƙaramin hanji ga masu gyambon babban hanji, mutum ya koma yin bahaya ta inda ya saba. Ko da ta dindindin ce, mai ita yana aikinsa, yana aure, yana haihuwa.

Ajali gaskiya ne, babu mai musu. Amma majinyaci in likitansa ya ambaci tiyata, don Allah ku bar shi ya ga likitan tiyata tun yana da ƙarfin tafiya da ƙafarsa.

Af, tunda maganar ta zo: tarin fuka na hanji yana kama da Crohn sosai, har wuri ɗaya suka fi kamawa. Kafin a fara wa mutum infliximab dole a yi masa gwajin tarin fuka, don allurar tana tayar da tarin fukan da ke kwance a jiki. Masu 'yan'uwa a kan wannan magani, ku tambaya ko an yi gwajin.