Ka Faɗi Gidanku, Ka Kuma Faɗi Mai Saya Maka Data

Ƙannena masu muhawara a Facebook, akwai abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya tun watan Mayun 2024, lokacin da aka soke dokar 2019 da ta raba masarautar Kano ta ba Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye nasu masarautun, aka mayar da Muhammadu Sanusi II Gidan Rumfa, Aminu Ado Bayero kuma ya sauka a gidan Nasarawa. Duk wanda zai sa baki sai ya fara da gabatar da kansa: "Ni haifaffen cikin badala ne." "Kakana hakimi ne." "Mu mutanen Rano mu muka san abin da dokar 2019 ta kawo mana."

Wannan ba laifi ba ne. Wanda ya tashi a Bichi ko Gaya ko Ƙaraye ya ga abin da ɗan Fagge bai gani ba, kuma ya kamata mu san daga ina yake hangen lamarin. Malaman hadisi ma ba sa karɓar ruwaya sai sun san mai ita, sun san daga wa ya ji. Amma ba nasabarsa kaɗai suke dubawa ba. Suna duba ko mai gaskiya ne, suna duba ko yana da abin da yake karewa.

A nan ne muke ha'inci. Akwai wani yaro a unguwarmu, na san shi tun yana ɗaukar allo. Ya yi dogon rubutu a kan rikicin nan, ya buɗe shi da sarautar gidansu. Bai yi ƙarya ba, gidan sarauta ne. Sai dai na san duk ƙarshen wata ana turo masa kuɗin data daga wajen wani ɗan siyasa, har da abin da zai rubuta. Wannan bai ambata ba. Mutane suna ta cewa "ɗan gida ya yi magana", alhali maganar ba tasa ba ce.

Na same shi wajen mai shayi bayan isha'i. Na ce masa, sunan kakanka ka ba su jingina, su kuma suka yarda da kai saboda darajarsa. Idan ta bayyana, ba kai kaɗai za a zaga ba. Idan aiki kake yi wa wani, rubuta a layin farko cewa kai yaronsa ne, sannan ka kawo hujjarka, mai karatu ya auna da kansa. Ya daɗe yana juya cokali a kofi. Can ya ce, "Yaya, in na faɗa ai ba wanda zai saurare ni."